Tafiyarmu ta bishara zuwa ƙasar Maraɗi: mu koma baɗi ko mu aika da kuɗin?

Ishaku (sakataren kwamitin bishara):
Salama gare ku 'yan'uwa. Kwamiti zai zauna kan kasafin baɗi, kuma Fasto ya ce kafin nan a buɗe magana a nan, kowa ya faɗi abin da ke ransa game da tafiyar da muka yi Nijar a watan Disamba. Waɗanda ba su je ba ma su sa baki, don da baikonsu aka je. Tambayar ita ce: mu sake cika mota mu koma ƙauyen nan na kudancin Maraɗi, ko mu tara kuɗin mu aika wa ikkilisiyar da ke can? Na shigo da Malam Iliya cikin zauren. Shi ne ya tarye mu a Ɗan Isa, garin bakin iyaka a ɓangaren Nijar, malamin makaranta ne a Maraɗi, kuma ɗan ikkilisiyar da ta sauke mu.

Dauda (ma'aji):
Bari in fara, tunda lissafin a hannuna yake. Fiye da rabin abin da muka tara ya ƙare a hayar mota, mai, abincin hanya da takardu. Ragowar da muka canza a Jibiya sai ta ƙanƙance a hannunmu. Shekarun baya kaɗan jakar sefa ɗaya, wato sefa dubu, ba ta kai naira dubu ba, amma tun da aka saki naira a 2023 ta haura dubu biyu. Ga kuma hanyar kanta: kowa ya san halin da ake ciki tsakanin Katsina da Jibiya. Iyakar ma an rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 aka buɗe, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ra'ayina a aika da kuɗin dungurungum.

Mama Rifkatu (Zumuntar Mata):
Dauda ɗana, lissafinka daidai ne, amma akwai abin da bai shiga littafinka ba. Matar faston can ta riƙe hannuna ta ce mini shekara da shekaru babu wata ikkilisiya daga waje da ta taka ƙauyen. Gidaje kaɗan ne na masu bi a cikin gari guda. Da muka tayar da waƙa da Hausa, suka karɓa ba tare da sun duba littafi ba, waƙoƙinmu su ne nasu. Tsofaffin mata suna waƙa suna share hawaye. Ta waya za ka aika musu da wannan? Ni dai in da rai da lafiya ina so in koma.

Haruna:
Mama, a gafarce ni, ni ban je ba amma ina da tambaya. Me ya kai mu Nijar tun farko? A ƙauyukan Maguzawa na Kano da Katsina akwai majami'un da rufinsu ke yoyo, masu bisharar da ke can wata da watanni ba a biya su ba. Ga 'yan gudun hijira a Binuwai da Filato da Barno. Mun tsallake waɗannan duka mun ƙetare iyaka. Ina tsoron kada ya zama sunan "ƙasar waje" ne ya ja mu.

Luka:
Yaya Haruna, da ka je da ba ka faɗi haka ba. Ni a Sabon Gari na tashi, na san talauci, amma ban taɓa ganin mata suna jan ruwa a rijiya mai zurfin nan ba, igiya har ta yi musu kanta a tafin hannu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na ci gaban al'umma ya sha sa Nijar a ƙarshen jerin ƙasashen duniya, ba mu muka ƙirƙira ba. Kuma hotunan da na sa a Facebook sun jawo mana gudummawa daga mutanen da ba ma 'yan majami'armu ba ne. Mu matasa da muka je mun dawo da wata zuciya dabam. Biyu daga cikinmu suna maganar makarantar Littafi Mai Tsarki yanzu.

Hannatu (nas):
Ni ranar duba marasa lafiya ce ta tsaya mini a rai. Mun auna jini, mun samu tsofaffi da yawa masu hawan jini, muka ba kowa maganin wata guda. Watan ya wuce. Hawan jini ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe, wanda ya sha wata ɗaya ya daina ya koma inda yake, abin da ya ƙaru kawai shi ne yanzu yana zaton ya warke. Yaran kuma, duk wanda awon dantsensa ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Irin wannan yaro ba bitamin ɗin da muka ɗauko yake bukata ba, cibiyar da ake ba da abincin gyaɗar nan na musamman ana duba shi mako-mako yake bukata. Akwai ma'aikacin lafiya a garin da ke kusa, shi ya kamata a fara zama da shi kafin a buɗe kwali ko ɗaya. Ku dubi asibitin mishan na Galmi, can kan hanyar Ƙonni, tun 1950 yake buɗe. Ku dubi na Danja da muka wuce kafin mu shiga Maraɗi, da ya fara da kutare, yanzu har da sashen mata masu yoyon fitsari. Darajarsu ita ce wanda aka duba yau, in ya dawo bayan wata uku zai tarar da wanda ya san shi. In za a koma, ni ba zan goyi bayan rabon magani na kwana ɗaya ba.

Ishaku:
Malam Iliya, muna ganin kana karantawa. Don Allah ka yi magana, kada ka ji nauyinmu.

Iliya (Maraɗi):
Ina gaida Baba Fasto, da iyayena da ke cikin zauren, da sauran 'yan'uwa. Na daɗe ina rubutawa ina gogewa, don baƙo ba a faɗa mishi laifi. Amma tunda kun tambaya don Allah, zan faɗa don Allah.

Na farko, abin da Mama Rifkatu ta ce gaskiya ne. Har yanzu ana zancen zuwanku. Mu Kirista a Nijar ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma wanda ke ƙauye wani lokaci sai ya ga kamar shi kaɗai ne a duniya. Ganin mota cike da masu bi, suna Hausa, suna waƙa, ya ɗaga mana kai ƙwarai.

Na biyu, saukar baƙi da yawa tana da nauyi. Kun zo da shinkafarku, mun gani, amma babu Bahaushen da zai bar baƙo ya ci abin da ya zo da shi. Akuyar da aka yanka ta matar fasto ce, wadda take kiwo don kuɗin lakwal, wato makaranta, na yaranta. Tabarmi da bokitai aro aka yi a maƙwabta. Ruwan wankan mutum fiye da goma kuwa, matan nan da Luka ya gani a bakin rijiya su suka ja shi. Ba wanda ya yi gunaguni, kuma in kun dawo za a sake yin haka da farin ciki. Ina so dai ku sani.

Na uku shi ne mai nauyin. Tufafin da aka raba, an raba su ne a ƙofar majami'a bayan an gama nuna majigi, wanda ya zauna har ƙarshe shi ya samu. Kun tafi da safe, da yamma magana ta zagaya gari cewa Kirista na sayen mutane da gwanjo. Fastonmu ya shekara fiye da goma yana gina zumunci da mai gari da liman, ana gayyatarsa suna da jana'iza, rijiyar majami'a kowa na ɗiba. Sai da ya bi gida-gida yana ba da haƙuri. Ku tuna abin da ya faru a Janairun 2015: kan zanen da wata jarida ta yi a Faransa, aka ƙona majami'u a Damagaram ranar 16, washegari aka ƙona fiye da 40 a Yamai, mutum 10 suka mutu. A Yunin 2019 an ƙona wata a cikin Maraɗi. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi mutanen kirki ne, a 2015 ma wasunsu ne suka ɓoye Kirista a gidajensu. Amma zaman lafiyarmu a kan yarda yake tsaye, kuma mu ne ke kwana a garin bayan motarku ta juya.

Iliya (Maraɗi):
Luka ƙanena, saura maganar hoto. Yaron da ka ɗauka ba riga, ka rubuta cewa irinsu ba su taɓa jin sunan Yesu ba, jikan dattijon ikkilisiyarmu ne. Kakansa a Tsibiri, nan kusa da Maraɗi, aka yi mishi baftisma tun ba a haifi iyayenmu ba. Yaron wasa yake a rairayi, yana da riga. Babansa yana ci-rani a Agadas, can wani ya nuna mishi hoton a waya. Ya kira gida ransa a ɓace.

Luka:
Malam Iliya, na cire shi yanzu, da sauran na yaran duka. Ka turo mini lambar baban ta gefe in kira shi da kaina. Amma ina da tambaya, ba gardama nake ba. In muka raba kaya ba tare da wa'azi ba, mene ne bambancinmu da ƙungiyoyin agaji? Mu bishara ce ta kai mu.

Mama Rifkatu:
Innalillahi ba tamu ba ce amma yau na rasa abin faɗa. Akuyar nan na ci namanta ina yabon girkin. Zumuntar Mata za ta mayar mata da akuya, wannan ba sai kwamiti ya zauna ba. Iliya ɗana, ka binciko mana kuɗin akuya mai ciki a kasuwarku.

Baba Bulus:
'Ya'yana, ku bar tsoho ya ɗan ja zance, don tambayar Luka tsohuwa ce.

Waɗanda suka fara kawo aikin da ya haifi ikkilisiyoyinmu su uku ne suka sauka Ikko a 1893: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare biyu sun mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake dawowa, ya sake komawa, sai a karo na uku aikin ya kafu a Patigi a 1902. Likita Miller na ƙungiyar mishan ta Angilika (CMS) ya shafe shekaru a Zariya yana koyon Hausa kafin mu samu cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu a 1932. Suna da kurakuransu, wasu sun raina al'adunmu, na ga wannan da idona ina yaro. Amma sun zauna. Da 'yan ƙasa suka kafa tasu ƙungiyar aikin bishara a 1948, wadda ta zama EMS, masu bisharar da aka aika ƙauyuka da fartanya suka tafi, suna noma tare da mutane, 'ya'yansu suna tashi a can. A Nijar kuwa mishan ta shiga tun shekarun 1920, Damagaram da Tsibiri, kuma ikkilisiyarsu ta EERN tana tsaye da ƙafarta tun farkon shekarun 1960. Wato ba mu muka kai musu bishara ba, Luka. Mun tarar da ita a can, kusan shekara ɗari da zuwanta.

To wa zai yi wa mutanen ƙauyen wa'azi? Wanda suka ga yadda yake zama da matarsa, yadda yake biyan bashi, yadda yake yi in akuyar maƙwabci ta shiga gonarsa. Mu baƙin mako guda ba mu da wannan shaidar. Shi faston can yana da ita. Aikinmu shi ne mu ƙarfafa hannunsa, kada mu yi abin da zai karya shi.

Haruna:
Baba, ai maganarka ta dawo kan tawa. In zama ne aikin, mu da ba za mu zauna ba sai mu tsaya a gida.

Baba Bulus:
A'a Haruna, ban ce haka ba. Ziyara ma tana da gurbinta. Manzo Bulus ya rubuta wa na Roma cewa yana marmarin ganinsu domin su ƙarfafa juna, shi da su, ka duba farkon wasiƙar. Ƙarfafa juna ya ce. Abin da nake ƙi shi ne mu je da zaton mu ne masu komai a hannu.

Iliya (Maraɗi):
Baba ya taɓo wani abu da nake so in ƙara. Ana kiranmu matalauta, kuma ba ƙarya ba ne, duk da uraniyom na Arlit da man Agadem. Amma akwai abubuwa biyu da suka fito daga ƙasar Maraɗi duniya ta ɗauka.

Ɗaya, bishiyoyin da kuka gani cikin gonaki, gawo da kalgo da sabara, yawancinsu ba dasa su aka yi ba. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta dashe yana mutuwa. Sai da ya daɗe a nan kafin ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututture ne masu saiwa da rai a ƙasa. In aka bar reshe kaɗan masu ƙarfi aka datse sauran, sai su zama itace. Lokacin yunwar 1984 an haɗa abin da rabon abinci, wanda ya bar itace a gonarsa ya samu hatsi. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari don sun ga amfanin da idonsu, su ne suka yaɗa shi daga gona zuwa gona, ba da kuɗin kowa ba, har ana maganar hekta miliyan 5 a yau. Ku lura da wannan wajen maganar gwanjo: abin da mutum ya karɓa don kyauta, yana ajiye shi ranar da kyautar ta ƙare.

Biyu, asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara da matan ƙauyukanmu a 1991. Mata su haɗu kowane mako, su zuba kaɗan-kaɗan a akwati, su ranta wa juna. Yanzu ana yin irinsa a ƙasashe da dama. Matan ikkilisiyarmu suna da nasu, tare da maƙwabtansu Musulmi. Ba wanda ya tambaye su a kai da kuka zo, kuma ina ganin Zumuntar Mata za ta ji daɗin ganin yadda suke riƙe shi.

Hannatu:
Malam Iliya, to da an tambaye ku tun farko, me za ku ce a kawo?

Iliya (Maraɗi):
Ba zan ari bakin Fastonmu da dattawa ba, amma na san abin da suke yawan faɗa. Kun zo a Disamba, rumbu cike, gero na da araha. Wahalarmu daga Yuni zuwa Agusta take, lokacin da hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, tiya ta yi tsada, zazzaɓin sauro ya kama yara. A lokacin ne magidanci ke barin gonarsa ya je ƙwadago a ta wani, ko ya ci bashin da zai biya da hatsinsa tun yana gona. Abin da suke so shi ne bankin hatsi: a sayi gero da kaka a ajiye, a sayar da rahusa da damina, kuɗin ya koma sayen na baɗi. Na kowa da kowa a garin, mai gari ya san da shi, ba sai ka shiga majami'a ba. Yana da nasa haɗarin, na ga inda kwamiti ya cinye, na ga inda aka ba da bashi ba a biya ba. Shi ya sa ni zan so a sa matan asusun cikin masu riƙe makulli.

Dauda:
Wannan na gane shi. Kuɗin motar da muka biya kaɗai zai sayi buhuna masu yawa in aka saya da kaka. Kuma a can za a saya, ba sai mun yi fama da kwastan ba.

Mama Rifkatu:
Dauda, kada ka ɗauka an ba ka gaskiya duka. Yaron nan ya ce zuwanmu ya ɗaga musu kai. Ni ban yarda a mayar da 'yan'uwa lambar asusu ba.

Luka:
Ni ma haka. Kuma in ba a je ba, matasa ba za su ba da ko sisi ba, na san mutanena. Abin da ido bai gani ba zuciya ba ta motsawa a kansa.

Haruna:
Har yanzu ba a amsa mini maganar gida ba.

Fasto:
Salama. Na karanta duka. Malam Iliya, Ubangiji ya sa maka albarka, ka gaida mini ɗan'uwana Fasto, zan kira shi da kaina kan maganar tufafin.

Haruna, tambayarka tana da nauyi kuma ba zan share ta ba. Mai bisharar da muke tallafawa a ƙauyen Maguzawa yana binmu wata biyu, wannan za a biya kafin a taɓa maganar Nijar. Amma ban yarda sai gida ya ƙoshi za a dubi waje ba. Ikkilisiyoyin Makidoniya cikin tsananin talaucinsu suka roƙa a bar su su aika wa na Urushalima, yana nan a 2 Korantiyawa sura 8.

Luka, wa'azi ba za mu daina ba. Amma kyautar da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ce, kuma wanda ke karɓa ya fi mai bayarwa saurin gane haka. A ba mai yunwa don yana jin yunwa. In ya tambayi dalili, akwai mai amsa masa a garin.

Abin da zan kai gaban kwamiti: mutum uku ko huɗu su je maimakon mota guda, su sauka a Maraɗi su riƙa shiga ƙauyen da rana, kuma sai lokacin da masu masaukin suka zaɓa. Ragowar kuɗin ya tafi inda dattawan can suka rubuto mana. Ina kuma so mu biya wa Faston can da matarsa kuɗin mota su zo taronmu na shekara, ya hau bagadinmu ya yi mana wa'azi. Matasan da Luka ke magana za su gan shi su ji daga bakinsa.

Mama Rifkatu:
Ranka ya daɗe, cikin ukun nan dole a sa mace. Matan can ba za su buɗe cikinsu ga maza ba.

Hannatu:
A sa ni ko ba a sa ni ba, ina roƙon a nemo sunayen tsofaffin da muka ba maganin hawan jini. Takardar tana wurina. In Malam Iliya zai kai wa ma'aikacin lafiyar, sai mu ga ko za a iya ci gaba da ba su daga can, mu biya.

Iliya (Maraɗi):
Turo takardar, Anti Hannatu, ranar Asabar zan shiga ƙauyen. Baba Fasto, maganar zuwan Fastonmu sai dai bayan kaka, da damina ba ya barin gona. Yaya Dauda, in dai za a yi bankin hatsin, kuɗin ya iso kafin ƙarshen Oktoba, don daga nan 'yan kasuwa ke fara kwashewa farashi ya tashi.

Dauda:
To baikon bishara na Nuwamba ya yi latti ke nan. Ishaku, sa shi cikin abin da za a tattauna ranar Lahadi bayan sujada, ko a dawo da shi Satumba.